Ƙuraje Goma Sha Ɗaya a Kan Fiffike

Duk saurayin da ya zo wurina koyon gugar ƙarfe, tun a satin farko yake nuna mini ya riga ya iya. Ya ɗauki samfefa ya yi ta dirza kamar mai wanke tukunyar biki, ƙarfe ya yi ƙyalli, ya miƙo mini yana washe baki. Ni kuwa ƙyalli bai dame ni ba, ko gwangwanin madara yana ƙyalli. Kun ɗauka aikin nan ƙarfin damtse ne da haƙurin zama. To ku gyara zama in ba ku labarin aiki mafi kyau da hannuna ya taɓa yi, wanda shi ne kuma ya lalata wa wani bawan Allah wahalar shekara biyar.

Sunana Isiyaku. A Sharaɗa ta Kano na fara, a wani kamfanin robobi, ina gugar mazubin buta. Mazubi shi ne ƙarfen nan mai rami da ake ɗura narkakkiyar roba a cikinsa ta fito buta ko bokiti. Duk abin da ke jikin ƙarfen sai ya fito a jikin robar. Ka bar tabo ɗaya mai kaurin gashi, buta dubu za su fita kasuwa kowacce da shaidar sakacinka a gefen hancinta. Shekara tara na yi a nan ina jin babu kamata a Kano da kewaye. Da na samu biza na sauka Riyad, aka kai ni wata warsha, wato wurin aikin ƙarfe, a Birnin Masana'antu na Biyu, inda kowa ke cewa Sana'iyya, sai na haɗu da Usta Rafik.

Aikin farko da ya ba ni mazubin kofin shayi ne. Usta Rafik tsoho ne ɗan Pakistan, gajere, gemunsa ja da lalle, Larabcinsa a karye nawa a karye, don haka mun fahimci juna sarai. Kwana uku na yi a kan mazubin nan na kai masa. Bai ko kalli ƙyallin ba. Ya kashe fitilar ɗakin, ya kunna wata 'yar tocila ya kwantar da haskenta a gicciye kan ƙarfen, sai ga zane-zane sun fito kamar gonar da aka yi wa huɗa. Ya ɗauki jan biro ya kewaye wuri bakwai.

"Mafi kwayyis," in ji shi. "Sawwi tani."

Wato bai yi ba, a sake. Na sake sau huɗu. A karo na biyar ya ajiye biron bai ce komai ba, kuma a shekarun da muka yi tare wannan shirun shi ne yabo mafi girma da na samu daga gare shi.

A wurinsa na san kayan aiki na gaskiya. Samfefa kala-kala, daga mai kaushi da za ta cinye maka fata zuwa wadda in ka shafa sai ka rantse takardar littafi ce. Duwatsun wasa sirara kamar alli. Tsinkayen itace mai laushi don shiga lungu. Man lu'ulu'u a cikin sirinji, kowane launi da laushinsa, ɗigo ɗaya ya ishe ka wuni. Sai wata na'ura mai allura da ke tafiya a hankali kan ƙarfe ta faɗi lambar santsinsa, wadda Usta ba ya yarda da ita sai farcensa ya amince. Dokokinsa ba su da yawa. In ka canza samfefa, ka canza inda hannunka ke fuskanta, don sabon zane ya nuna maka ko tsohon ya mutu. Ka wanke hannu tsakanin kowane mataki, domin ƙwayar yashi ɗaya daga samfefa mai kaushi in ta hau audugar ƙarshe ta mayar da kai baya kwana biyu. Babbar dokar kuwa, wadda yake faɗa yana buga tebur, ita ce aibi ba ya fita daga warsha. Ko wa ya jawo shi, ko daga ina ya zo, in dai ya biyo ta teburinka to naka ne, kai za ka kashe shi. Na riƙe wannan doka fiye da yadda na riƙe lambar iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar.

Masu kawo mana aiki yawancinsu masu robobi ne, kuma dukkansu kalma ɗaya suka sani, bukra, wato gobe. Mutum ya kawo mazubin murfin kwalba wanda wani gwani ya zungura da sukudireba don roba ta maƙale, ya ce gobe yake so. Ka ce sati ɗaya, ya ce gobe. Ku rabu a kan gobe, ya zo bayan sati ɗaya ya karɓa yana godiya. Mai warshar, wanda shi ne kafilina, wato wanda nake zaune a ƙasar ƙarƙashin sunansa, sunansa Abu Sultan. Ba mugu ba ne. Yakan zo bayan la'asar ya zauna ofis da butar gahawa da kaskon turare, ya leƙo ya ce, "Kullu tamam, ya Ishaƙ?" wato Isiyaku ko komai lafiya, in ce tamam, ya koma. Bai san bambancin samfefa da takardar biredi ba, bai kuma taɓa yin ƙaryar ya sani ba.

Sai shekarar da farashin mai ya faɗi ta zo. Gine-gine suka tsaya, masu robobi suka daina zuwa, har muka yi kewar bukra. Mu goma sha huɗu ne a warshar, muka koma huɗu. Usta Rafik ya tafi gida, idonsa ma dama ya fara gajiya, ya bar mini tocilarsa. A ɗakinmu na unguwar Manfuha mu shida muke kwana, Kanawa uku da Zabarmawa biyu da wani Bazazzagi direba, aka wayi gari saura ni da direban. Iƙamata saura wata bakwai ta ƙare. Abu Sultan ya gaya mini gaskiya ba kwana-kwana: in aiki ya shigo zai sabunta, in bai shigo ba sai tikitin gida. Ina da mata da 'ya'ya biyar a Kano, babbar tana makarantar koyon jinya.

Aikin da ya shigo a wannan shekarar a cikin akwati ya zo, akwati mai soso a ciki kamar na kayan kiɗa. Wanda ya kawo shi dogo ne baƙi, cikin farar jallabiya da jan rawani irin na Larabawan ƙasar. Ya buɗe, na ga wani ƙarfe mai tsawon hannuna daga gwiwa zuwa yatsa, faffaɗa a gindi, bakinsa siriri kamar na gatari. Na ɗaga shi ina gunaguni da Hausa cewa wanda ya yanka wannan da haƙori ya yi aikin.

"Baba, kai Bahaushe ne?" in ji mutumin.

Saura kaɗan in saki ƙarfen. Ashe Dakta Anas ke nan, malami a wata jami'a a nan Riyad. Kakansa ne ya taka da ƙafa daga ƙasar Katsina zuwa Makka bai koma ba. Hausarsa wadda ya tsinta a ɗakin kakarsa ce, in ta ƙare masa sai ya cike da Larabci. Tun daga ranar Baba yake ce mini, ni kuma in ce Dakta.

Ya ce wannan fiffike ne. Za a ɗaura shi a kan roka a wata ƙasa mai sanyi can arewa, a harba sama, ya dawo yana gudun da ya ninka saurin sauti sau biyar ko fiye. Jami'o'in ƙasashe da yawa ne suka haɗu a kan rokar, kowa da ɗan wurinsa, shi kuma ya yi shekara biyar yana neman wannan wuri da shirya abin da zai sa a ciki. Tashi ɗaya ne, babu na biyu. Na ce to me ake nema a wurin mai gugar mazubin kofi?

Ya ja ni ofishin Abu Sultan, ya kashe fanka, ya nuna mini kaskon turare.

"Shuf, Baba. Dubi hayaƙin nan."

Hayaƙin ya taso siriri, a miƙe kamar zare, ya yi kamar taƙi ɗaya, sannan ya karye ya fara murɗewa yana birkicewa.

"Haka iska take a jikin fiffike," in ji shi. "Akwai 'yar siririyar iska da ke manne da ƙarfen. Daga baki takan taho a kwance, lafiya lau. Can sai ta birkice. Inda ta birkice, zafi yakan ninka, a wannan gudun har ya ci ƙarfe. Duk mai son ƙera jirgi irin wannan yana son ya san a ina za ta birkice. Ni aikina ke nan, in auna wurin."

Na tambaye shi me ke birkita ta. Ya ce komai. Tabo, ƙura, gurbin yatsa, ƙwaron da ya mutu a kai. Shi ya sa yake neman wanda zai mayar da fuskokin fiffiken nan biyu santsin da babu abin da iska za ta yi tuntuɓe da shi. Na ce ai ya zo inda ya dace.

Ba gugar ce ta fi wuya ba, wayoyin ne. Kowace fuska an huda mata ƙananan ramuka a jere daga baki zuwa gindi. A kowane rami ana turo wata waya daga ciki, ƙarfe iri biyu ɗaya a cikin ɗaya, ita ce ke jin zafi ta aika wa na'ura. Aikina in yanke kan wayar, in goge shi har ya zama daidai da fuskar fiffiken, kuma gugar ce da kanta ke haɗa ƙarafan biyu su fara aiki. Ka goge kaɗan, kan wayar ya tsaya sama, shi da kansa ya birkita iskar, Dakta ya auna kuskurenka yana zaton ilimi ne. Ka goge da yawa, ka yi kwari, duk ɗaya. Dakta yakan zauna gefena da mitarsa ta awo, in na gama guda ya taɓa ta da ɗumin yatsa cikin safar hannu, allura ta motsa, ya ce, "Tamam, Baba, ta farka." Ya faɗa mini ya fi sau ɗari cewa duk abin da ya taso a jikin ƙarfen nan maƙiyi ne.

Sati bakwai na yi. Na toshe ƙasan ƙofa da tsumma saboda ƙura, na hana cin abinci a ɗakin, na daina shafa turare a hannu ko ranar Juma'a. Abu Sultan ya kawo baƙi su ga abin da zai je sama, kowa da danƙon dabino a yatsa, na tsaya a bakin ƙofa na ce daga nan ake kallo. Ya ji haushi, amma aikin nan kaɗai ne a warshar, ya haɗiye. Ranar da na gama na kashe fitila na kwantar da tocilar Usta Rafik a kan fiffiken. Hasken ya wuce bai sami abin kamawa ba. Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Dakta ya ɗauke shi zuwa jami'a, ya ce akwai sauran abin da za su yi, za a dawo da shi in yi masa tsaftar ƙarshe in rufe. Shi kuma ya tafi taro da abokan aikinsa a ƙasar waje. Bayan kwana goma direban jami'a ya kawo akwatin da wata ambulan. Takardar ciki da Turanci take, ni kuwa Turancina bai wuce na jikin kwalin samfefa ba. Na ajiye ta a teburin Abu Sultan, wanda ya tafi wajen raƙumansa a bayan gari sai ƙarshen sati. Direban ya ce saƙon Dakta shi ne a tsaftace, a rufe, masu jigila za su zo jibi.

Na buɗe akwatin, na kunna tocila. Fuska ɗaya tana nan yadda na bar ta. Na juya ɗayar, sai na ji jinina ya hau. Kusa da bakin fiffiken, ƙuraje ne a jere, ƙanana kamar ƙurajen zafi a goshin jariri, guda goma sha ɗaya. Na sa farce na ji su, ƙarfe ne ya ɗiga ya daskare. Nan take na gama shari'ar a kaina: wani ɗalibi ya yi walda kusa da aikina, tartsatsi ya zuba, ya rufe akwati ya yi shiru. Ban tsaya na tambayi kaina wane irin tartsatsi ne ke zuba a layi, kowanne da tazara daidai da ɗan'uwansa ba. Lambar Dakta tana cikin wayata. Na ɗauko ta ma, na mayar. Na ce a raina mutum yana ƙasar waje da manyan mutane, in tayar masa da hankali a kan abin da zan iya kashewa kafin jibi? Kuma aibi ne, ya biyo ta teburina.

Ku da kuke ganin aikin nan wasa ne, ku gwada cire ƙurji daga kan madubi ba tare da kun taɓa madubin ba. Kowane guda na kewaye shi da siririn tef, na ci kansa da dutse mafi laushi, ina ja sau uku in duba. Da ya kusa ƙasa na cire tef ɗin na koma tsinken itace da man lu'ulu'u, sannan na bi duk faɗin wurin don kada a sami kwari. Wayoyi biyu suna kusa, ban taɓa su ba. Kwana biyu cur, ban da salla ba abin da ya tashe ni. Da na gama, allurar na'ura ta bi ta kan wurin ba ta ko yi tari ba. Na shimfiɗa shuɗiyar leda mai kare fuska, na sa murfin soso, na naɗe da tef, na manna takardar da Dakta ya bari mai cewa kada a buɗe sai sa'ar tashi. Masu jigila suka ɗauka. Na tafi Manfuha na ci tuwo a wurin wata Bazabarma ina jin na fitar da mutum kunya bai ma sani ba.

Bayan kusan wata guda Dakta ya zo warsha da babban faranti na shinkafa da rago, don godiya. Muka shimfiɗa leda a ƙasa, mu huɗu da shi da Abu Sultan. Ya ce an riga an ɗaura fiffiken a jikin roka, an haɗa wayoyi, duk sun amsa. Shi ma ranar Asabar zai bi abokan aikinsa can.

"Baba, ka ga 'ya'yana kuwa?" in ji shi.

"Waɗanne 'ya'ya, Dakta?"

"Ƙurajen nan goma sha ɗaya. Na rubuto a takarda a bi su a hankali wajen tsafta. Wallahi wata takwas na yi ina lissafin tsayinsu. Da wata na'ura mai haske muka ɗiga su ɗaya bayan ɗaya."

Hannuna yana cikin shinkafa. Na bar shi a nan.

Ya ci gaba da bayani yana yagar nama. Ashe duk gwajin a kansu yake. Fuska ɗaya mai santsi, ɗaya mai ƙuraje da aka san tsayinsu, a gani ko ƙurji irin wannan zai sa iska ta birkice da wuri, da kuma yaya wurin zai matsa. Santsin da na yi sati bakwai ina yi, don ƙurajen su zama su kaɗai ne abin tuntuɓe.

Na tambaye shi, da murya irin ta mai son ilimi, wa zai cire ledar. Ya ce ma'aikatan wurin, sa'a ɗaya kafin tashi, shi yana can nesa a ɗakin kwamfutoci. Na ce su sun san da ƙurajen? Ya ce ina ruwansu, su dai su cire leda. Na ce in an gama za a dawo da fiffiken? Ya yi dariya ya ce teku zai faɗa, sai dai kifi ya duba aikina. Na ce to in aka auna aka ga fuskokin biyu sun yi daidai fa?

"Ai wannan babban labari ne, Baba. Sai in rubuta cewa ƙurji mai wannan tsayi ba ya cutarwa. Masu ƙera jirage su huta da wahalar santsi."

Na ce ma sha Allah. Na ci shinkafar, don barin ta zai jawo tambaya.

Ranar Laraba ce aka yi wannan. Na yi Alhamis ina share warshar da ba ta da datti. Lissafin a fili yake. Babu wanda ya gani, babu wanda zai gani, shaidar za ta nutse a teku. Takardar Turancin tana nan ƙarƙashin farantin gahawa, ko buɗe ta Abu Sultan bai yi ba. In na yi shiru, Dakta zai sami sakamako, ya yi murna, ya kawo mana fiffike na biyu, a sabunta mini iƙama. In na yi magana, na san inda zan kwana. Tsoro na ji, tsoro sosai, irin wanda ban ji ba tun ranar da na fara sauka ƙasar. Amma ni mai gugar mazubi ne. Na san abin da ke faruwa in aibi ya shiga mazubi aka fara zuba roba. Takardar da Dakta zai rubuta mazubi ce, wasu za su zuba jirgi a cikinta, wata rana kuma a sa ɗan wani a cikin jirgin.

Bayan sallar Juma'a na kira shi. Ya ce yana kasuwar Utaiƙa yana sayen dabinon da zai kai wa Turawan tsaraba. Na ce ya jira ni. Na same shi tsakanin kwalaye, mai dabino yana ba shi ɗanɗano.

"Dakta, ƙurajen nan naka. Na goge su."

Ya tsaya da dabino a hannu. "Ka goge su da auduga, ka tsaftace."

"A'a. Na cire su."

"Kam wahid? Guda nawa?"

"Duka."

"Baba, ƙarfe ne fa. Ko ka goge, dole gindinsu ya rage. Ko kaɗan ne, zan iya aunawa in gyara lissafi."

"Dakta," na ce, "ni fa na yi aikin."

Ya dube ni, ya gane babu abin da ya rage. Ya zauna a kan kwalin dabino, mai dabino yana cewa ya sheikh wannan na sayarwa ne, bai ji ba. Na gaya masa yadda aka yi tun daga direba har takardar da ban iya karantawa ba. Bai zage ni ba, na kuwa so ya zaga. Abin da ya ce kawai shi ne, "Lambata tana wayarka." Na ce tana nan. Ya ce, "Da ka yi shiru, har in mutu ba zan sani ba." Na ce na yi wannan lissafin tun shekaranjiya. Ya tashi ya biya dabinon da ya zauna a kai, ya tafi yana danna waya.

Ba a iya gyarawa ba. Cire fiffiken yana nufin kwance rabin rokar, ga mutanen ƙasashe da yawa suna jiran ranarsu, ba za a tsaya don ƙurajen mutum ɗaya ba. Aka ba shi zaɓi, ko fiffiken ya tashi haka ko a sa ƙarfen banza a wurinsa. Ya ce a tashi haka, ya kuma rubuta wa duk abokan aikinsa cewa fuskokin biyu masu santsi ne, kuskure daga wajensa. Bai ambaci sunana ba. Ni na je na gaya wa Abu Sultan da bakina ranar Lahadi. Ya ɗaga farantin gahawa ya ga ambulan ɗin, ya mayar da farantin a kai. Ya ce, "La haula. Khalas, ya Ishaƙ," wato magana ta ƙare. Jami'ar ba ta sake kawo mana aiki ba, ba ta kuma sake ba Dakta kuɗin wani tashin ba. Kafin wata uku Abu Sultan ya sayar da injinan, ya buga mini takardar fita ta ƙarshe.

Ana saura kwana huɗu in tafi, Dakta ya zo Manfuha. Bai taɓa zuwa ba, sai da ya yi ta tambaya a shagunan ƙasa kafin a nuna masa benen da muke. Ya rame. Ya zauna a bakin katifata tsakanin jakunkunan da na ɗaure, na ba shi shayi a kofin roba. Ya zaro takarda ɗaya daga aljihu ya shimfiɗa a kan gwiwarsa. Zane ne irin na kwamfuta, layi yana tafe a kwance a ƙasa, can wajen ƙarshe ya miƙe sama.

"Nan ne iskar ta birkice," in ji shi, ya sa yatsa. "Can baya sosai. Turawan sun ce ba su taɓa ganin ta daɗe a kwance haka a kan ƙarfen da hannu ya goge ba. Sun tambaye ni wace na'ura ce."

Na ce layi ɗaya nake gani, ina na ɗaya fuskar?

"Biyu ne, Baba. Ja da shuɗi. Duba da kyau."

Na kai takardar bakin taga. Biyu ne kuwa, ɗaya a kan ɗaya, tun daga farko har ƙarshe, sai ka ƙura ido kake ganin jan yana leƙowa ta ƙarƙashin shuɗin. Wurin da na cire ƙuraje goma sha ɗaya, iskar da ke gudun da ya fi na harsashi ta bi ta kai ba ta san an taɓa yin komai a nan ba.

"Wannan layin naka ne," in ji Dakta. "Wannan ma naka ne. Nawa ne babu."

Na miƙa masa takardar. Ya ce in riƙe, shi ba shi da abin da zai yi da ita.